Malamin da ke Jiran Kasuwa ta Yi Shiru

A kasuwar Asabar ta birnin Leeuwarden, tsakanin mai cuku da mai kifi, wani dattijo yana tsaye bayan teburin zuma. Dogo ne mai furfura, tabarau rataye a wuya, ya jera kwalabensa tsaf kamar ɗalibai a ɗakin jarrabawa. Sai ya gyara murya, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya tsaya. Jama'a suna ta wucewa da kekunansu. Na daɗe ina kallonsa kafin in gane: jira yake kasuwa ta yi shiru tukuna.

Mai kifin, wata mata da sanyi ya sa hannuwanta suka yi ja, ta leƙo tana dariya.

"Malam Terpstra, shekara talatin kana koya mana yadda ake kafa sana'a! Saboda kai na ajiye aikin ofis. Yau ga ka ga kasuwa, sai bakinka ya mutu?"

"Wietske, a allo abin ya fi sauƙi," in ji shi, kunnuwansa sun yi ja.

Ina jin ɗaruruwan ɗalibai ya tura cikin wannan ruwa na sana'a, shi kuwa bai taɓa jiƙa ƙafa ba sai da ya yi ritaya. Tun da nake tsaye, ko kwalba ɗaya bai sayar ba.

"Buɗe baki, Malam! Nan ba a neman izini."

Ya cika ƙirji, ya kwarma ihu: "Zuma! Zumar bana!"

Wata tsohuwa ta taka birki, ta sauko daga keke. Ya dube ta, fuska fal murna, ya ce, "Madalla. Akwai mai tambaya?"