Ƙarfe a Cikin Firizar Zoɓona

Shekarun baya kaɗan, lokacin ina goyon 'yata ta fari, babu abin da nake tsoro kamar in ga maigidana ya dawo gida da rana tsaka. Direban katafila ne, irin mai dogon hannu da bokiti da ke haƙa ƙasa, kuma a aikinsu in mutum ya dawo da wuri, to an sallame shi ke nan. Ko babur na ji ya tsaya a ƙofar gidanmu a unguwar Makera ta Kaduna kafin la'asar, sai gabana ya faɗi.

Wata ranar Alhamis kuwa ya dawo kafin azahar. Ya ce bokitin motar yana girgiza kamar haƙorin tsoho. Wani ƙarfe ne ya cinye a gaɓar hannun, suna ce masa bushi. Kamar gwangwanin madara yake marar gindi, a cikinsa sandar da ke riƙe bokitin take juyawa. Alhajin da ke da motar ya ce laifinsa ne, ba ya sa giris. Zai zo Romi, inda suke aiki, ranar Asabar bayan la'asar; in bokitin bai tsaya daidai ba, zai ba wani direban.

Sabon bushi sai an aiko daga Legas, ba zai iso ba. Shi ne aka kwatanta masa wani dattijo a Kakuri mai fere ƙarfe da inji, mutumin kudancin Kaduna, kowa Baba yake ce masa.

Washegari zama ya gagare ni, na fake da kai abinci na bi shi. Ban taɓa ganin irin aikin ba. Ƙarfe yana juyawa, Baba yana feraye shi, ɓawonsa na zubowa a nannaɗe kamar na lemo. Ya tsaya ya auna, ya ɗan ƙara ferewa, ya sake aunawa. Sai na lura da wani abu: da maigidana ya gwada sabon bushin a bakin ramin bokitin, wanda suka kwanto suka kawo a mota, bai shiga ba. Ko kaɗan. Baba kuwa har da gyaɗa kai. Na ce a raina, shi ke nan, tsohon nan ya ɓata, kuma kunya ta hana kowa faɗa.

Ina sayar da zoɓo da ƙanƙara, ina da firiza a tsakar gida. Ranar Asabar da safe, bayan maigida ya fita, na buɗe ta sai na ga baƙar leda a ƙarƙashin robobina. Na kwance, ga bushi guda biyu da Baba ya fere jiya suna warin mai. A cikin abin da mutane za su sha! Na ɗauka mantuwa ce ta mai damuwa. Na wanke su tas da ruwan ɗumi da omo, na ɗora a kan kwanon ɗakin girki su bushe kada su yi tsatsa. Har ina yaba wa kaina.

Wajen sha ɗaya suka yi sallama shi da Baba, sun zo ɗauka. Maigidana ya buɗe firiza, ya rufe, ya sake buɗewa.

"Ina ledar da na sa jiya?"

Na nuna masa rufin kwano. Ya miƙa hannu ya taɓa, ya janye da sauri. Bai yi faɗa ba. Ya zauna a kan turmi ya riƙe kai, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Baba ne ya fashe da dariya. "Maman bebi, kin gasa mana su ke nan. Sauran yaji da albasa."

Na ce, "Baba, ai dama ba su shiga ba. Na gani da idona jiya."

"A'a, ashe kina kallo!" Ya juya ga maigidana. "Kai, madam ɗinka ta fi ka ido, amma ka ƙi yi mata bayani." Sannan ya tambaye ni, "Zoben hannunki, yaushe ya fi fita da sauƙi, da zafi ko da sanyi?"

Na ce da sanyi.

Ya ce to ƙarfe ma haka yake. Da gangan ya yi su sun fi ramin girma da kamar silin gashi. In suka sha sanyi sai su tsuke, ramin kuma a gasa shi ya buɗe, a zura. Idan suka huce, sun kama juna ke nan. Wanda ya shiga da sauƙi tun farko, kwana kaɗan zai fara rawa.

Na kwaso su da tsumma zan mayar, sai na ji firizar shiru. An ɗauke wuta, ban ma san tun yaushe ba. Ga Baba ya ce gobe Lahadi yana coci, ga Alhaji yana zuwa la'asar. Yarinyar ta fara kuka a bayana, ni ma saura kaɗan.

Abin da ya zo mini shi ne abin da nake yi in wuta ta daɗe babu. Na ce, "Baba, in an farfasa ƙanƙara aka zuba gishiri fa? Sanyinta har ƙona hannu yake."

Ya daina dariya ya dube ni. "Kina da gishiri da yawa?"

Na juye na gidan duka, maƙwabciyata ta ƙaro da nata. Na daka ƙanƙarar da zan sayar ranar a turmi, muka ƙulle ƙarafan a leda biyu, muka binne su a babbar kulata. Baba ya ce kada wanda ya buɗe sai ya ce. Ya kuma ce dole in bi su, tunda kular tawa ce, kuma bai yarda da su biyun ba, shi da maigidana, in ba ina gani ba.

A Romi muka zauna a inuwar motar wajen awa uku. Baba yana ta ba ni labarin zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki, ni kuwa idona na kan hanya. Can ya sa aka gasa bakin ramin da wutar gas, ya ce, "Maman bebi, buɗe." Na ciro na farko ya yi fari fat, yana hayaƙin sanyi. Ya saita shi, ya ɗora katako, maigidana ya buga guduma sau uku. Ya shige. Na biyun ya tsaya a rabi, zuciyata ta tsaya tare da shi. Baba ya ce, "Buga mana, ba ƙwai ba ne!" Ya buga, ya wuce.

Alhaji ya iso sun riga sun mayar da bokitin jikin motar, suna cusa giris. Maigidana ya hau, ya ɗaga bokitin, ya kaɗa shi sama da ƙasa. Babu ƙara, babu girgiza. Alhaji ya zagaya ya dudduba, ya ce Litinin a fito da wuri. Iyakar abin da ya ce ke nan.

Har yau maigidana yana kan motar. Yanzu duk abin da ya shigo da shi gida sai ya yi mini bayani, wani lokacin har ya ishe ni. Ni kuma na rage wanke abin da ba a sa ni ba. Amma abin da ya fi zama mini a rai shi ne dattijon nan. Na ɓata masa aiki, ga ni ban yi nisa a makaranta ba, amma ya tsaya ya fahimtar da ni da zoben hannuna, da na kawo shawara kuma ya saurara.

Kwanan baya na kai masa zoɓo, na tarar ya daina tsayawa a kan inji, idonsa ya yi rauni. Da murya ya gane ni. "Mai gashin ƙarfe ce?"

Don Allah duk wanda ya karanta wannan, ko wane addini yake bi, ya sa Baba a addu'a, Allah ya ba shi lafiyar idonsa.