Fuskar Inna daga saman tankin ruwa

Maƙwabcinmu a unguwar Umbadda ta Umdurman tsohon matuƙin jirgin soja ne. Da ya ajiye kaki sai ya rungumi kyamara, har ana lissafa shi cikin na farko-farkon masu shirya fim a ƙasar. Matsalarsa ɗaya: zaman sama ya ɓata masa ido, abu ba ya yi masa kyau sai ya hango shi daga bisa. Ko gaisawa kuke, tsakar kanka yake kallo.

Wata shekara ya ce zai ɗauki mata masu sayar da gyaɗa a Kasuwar Umdurman. Innata, wadda ke cikinsu, ta fi kowa rawar kai, kuma da dalilinta. Tana da yaya a Kano da aka bari wurin kaka lokacin da iyayensu suka kamo hanyar Makka, Inna na goye, har suka yada zango a nan. Ba su ƙara haɗuwa ba. Wani ɗan kasuwa ya yi alkawarin kai kaset ɗin har gida, yayar ta ga fuskar ƙanwarta.

Kwana uku Inna na shiri, lalle, kwalli, har da turare, kamar kyamara na jin ƙamshi. Ni na san halin mutumin sarai, amma na ja bakina na tsuke, ina son ganin yadda za ta kaya.

Ranar ɗauka ya zo, ko kallon fuskokinsu bai yi ba, ya ɗare tankin ruwa. Inna ta yi ta yi wa iska murmushi har muƙamuƙinta ya gaji. Can ta gane mayafinta da farantin gyaɗa kawai ake ɗauka. Ta ɗaga kai, ta nuna shi da ludayin awo.

"Ya zol, kai mutumin nan, sauko! Nan ƙasa mutane suke."

Ya ƙi. Ta wanke shi tas, rabi Hausa rabi Larabci.

A fim ɗin gaba ɗaya fuskarta kaɗai ta fito, baki buɗe, ido jawur. Na yi dariya har da hawaye. Ita kuwa ta ji kunya ƙwarai, ta so hana kaset ɗin tafiya, sai dai ya riga ya kama hanya. A nan na ji ban kyauta ba.

Bayan watanni ɗan kasuwan ya dawo da saƙo. Ya ce ana zuwa wurin faɗan, tsohuwar ta miƙe ta dafa talabijin tana kuka.

"Wannan tamu ce," in ji ta. "Haka uwarmu ke faɗa."