Baba Tomezo, Mai Tsaron Ruwan Zafin Ƙauyenmu

Kullum da hantsi, Baba Tomezo yakan tsoma gwiwar hannunsa a kwamin wanka na masaukin ƙauyenmu, ya ɗaga kai ya dubi sama. Daga nan sai ya kama hanyar dutse, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa, ya kankare farar wutar da ta toshe indararon katako, ya gyara zaman wani ɗan dutse don ruwan ya ƙaru ko ya ragu. Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Baƙi sukan yaba ruwan, su tafi ba su san sunansa ba.

Bara, bayan girbin shinkafa, Inna Kiyono ta zo jiƙa gwiwoyinta na kwana goma, kamar yadda manomanmu suka saba. Ɗanta ya riga ya gaya mata, in ya dawo bai same ta tana tafiya da ƙafarta ba, birni zai kai ta gidan tsofaffi.

A rana ta uku dusar ƙanƙara ta rufto, ta karya indararon. Ruwa ya tsaya cak. Uwar masauki, Fumie, ta ce, "Baba, mu dafa na famfo mana. Wa zai gane?"

"Gwiwarta za ta gane," in ji shi.

Ya ɗaure katako biyu a baya, ya hau dutsen don gyara indararon, ƙanƙara har ƙugu, mutum mai shekara saba'in da shida. Sai la'asar ya sauko, ruwa ya dawo, yatsunsa kuwa ko sandunan cin abinci ba sa iya riƙewa don sanyi. Inna Kiyono ta leƙo daga ɗakin wanka.

"Kai tsohon banza! Dafa ni za ka yi? Ruwan nan ya yi zafi!"

"Ai naman tsohuwa sai da wuta," ya ce.

Ranar da ɗan ya zo, da sandarta ta taka har bakin mota, ta ce masa, "Gida za ka kai ni, akwai kabejin da zan jiƙa."

Baba, kai ne ka ƙi yi wa tsohuwa ƙarya ko da ruwa. Ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki. Mun gode, Allah ya huta gajiya. Ku kuma 'yan'uwa da kuka tafi birni, wani ya dawo ya bi shi dutsen nan tun yana iya nuna hanya.