Ƙwallon Baba Mai Kama da Gwanda

Mun tashi da asuba daga Gadarif ta ƙasar Sudan, ni da wani ɗan ajinmu, hutu ya kama, za mu Jidda wajen kawuna mu yi umra. Amma ni da wata a ƙasa. Tun ina ƙarami Baba ke cewa ɗingishinsa a Jidda ya samo shi, wajen wata ƙwallo da ake runguma a zura da gudu. Majalisar mai shayin unguwarmu dariya suke masa, har sun laƙaba masa Kyaftin. Abin ya ishe ni. Na ce ko in dawo da shaida, ko in ja bakina in yi shiru har abada.

Lori muka hau, kan buhunan dawa, muka isa Bur Sudan jiki kamar an daka. A jirgin ruwa kuwa, abokina mai cika bakin shi gaye ne, tun ba mu bar gaɓa ba ya rungumi bokiti, bai sake shi ba sai da muka hango Jidda.

Zafin garin nan mai danshi ne, riga sai ta manne maka. Kawu a unguwar Sharafiyya yake. Kullum safe wake da gurasar tamis, arha kamar banza, amma ka doshi yadi a kasuwar Bab Makka, riyal ɗinka ya tafi ke nan. 'Ya'yan Kawu kuwa ka yi musu Hausa su mayar maka da Larabci, yalla da halas, wato mu je da shi ke nan, kawai nake cafkewa.

Da na faɗa wa Kawu damuwata, sai ya ja ni shagon wani dattijo mai sayar da darduma a Bab Makka. Tsohon ya ƙare min kallo ya ce, "Ɗan Dogo ne wannan? Ga kunnuwan nan. Har yanzu yana jan ƙafar?"

Ga tarihin yadda ya ba ni. Amurkawan da suka zo aikin faɗaɗa tashar jiragen ruwa sun haɗa 'yar gasa tsakanin kamfanoni, irin ƙwallon ƙasarsu. Mutanensu ba su isa ba, sai suka ɗebi Hausawa 'yan dako, tunda wanda ya saba saɓa buhu ba a ture shi da wasa. Aka sa wa ƙungiyar Raƙuman Tasha. Ranar Juma'a bayan la'asar suke bugawa a bayan sito, lokacin sanyi kawai. Baba ne mai jifa, har ran da wani ƙato ya faɗa masa a gwiwa.

Na ce, "To Baffa, me ya kashe ƙungiyar?"

Ya ce, "Hajji, ɗana. Su gasarsu tana nan daram a sanyi, Hajji kuwa kowace shekara matsowa yake, har ya zo ya hau kanta. Jiragen alhazai na sauka, abincin shekara ke nan, cikinsu har da dangi. Wa zai bar kayan alhaji a ƙasa ya bi ƙwallo? Bature ya zo da usur, fili wayam. Shekara ta zagayo haka, aka cire mu. Halas."

Sai ya jawo abin da yake tokare ƙofar shago da shi. Ƙwallon ce, ta saɓe, doguwa kamar gwanda, da ɗinki a baya. Ya ce in kai wa mai ita. Na kai wa mai facin keke ya hura, ta tashi.

Umra ta yi kyau, alhamdulillahi, muka juyo ta hanyar da muka zo, abokina da bokitinsa.

Ko gida ban shiga ba na zarce majalisa, na ajiye ƙwallon gaban Baba. Ya jera yatsu kan ɗinkin, ya tsallaka titi yana ɗingishi, ya juyo ya sake ta. Ta taho tana juyi kamar mazari, ta tuge hular shugaban masu dariyar.

Abin da tafiyar nan ta koya min, in tsoho na ba da labarin da ba ka taɓa ganin irinsa ba, ka bari sai ka taka inda ya taka kafin ka yi dariya. Har yau Kyaftin suke ce masa, amma yanzu in ya iso, matsa masa ake yi a benci.