Jan Fenti a Duwatsun Ammi Rashid

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da aka kira ni gaban kwamiti, jan fenti har cikin farcena, ni kuma ban san laifin da na yi ba. Ku sababbin zuwa kuna ta cewa na cika tambaya kafin in buɗe gwangwanin fenti. To ga dalili.

Lokacin watana biyu a kamfanin nan namu na Ras Al Khor, nan ƙasar Larabawa. Kafin nan ɗaurin kaya nake a Murshid Bazaar, kafin nan wankin mota, kafin nan aji biyu na sakandare a Fagge, shi ma ban ƙarasa ba. Ni zama wuri ɗaya ciwon kai yake sa ni. Ina cikin watannin gwaji, wato kuskure ɗaya a ce khalas, shi ke nan, visa ta tafi, sai jirgin Kano.

Aka ba mu aikin sa alamun hanyar ƙafa a wani kwari cikin duwatsu, can wajen Hatta, don masu yawon buɗe ido su riƙa bi kar su ɓata. Yankin yana da kwamitin ba da shawara: masu gonakin dabino, wata Madam Huda ta ƙungiyar masu hawan dutse, da wani jami'i mai rubuta abin da aka faɗa. Ogana, Injiniya Bashir, ɗan Zariya, ya ce ba su ke yanke hukunci ba, shawara kawai suke bayarwa. Amma ƙofar shiga kwarin a gonar wani tsoho ɗan kwamitin take, Ammi Rashid, makullin kuma yana aljihunsa. Ni dai ban gane wannan tsarin ba.

Ranar Alhamis da sassafe, cikin sanyi, Injiniya ya sauke ni a bakin ƙofar.

"Sagir, tsohuwar hanyar awaki za ka bi. Duk taku hamsin ka shafa ja a babban dutse. Kar ka yi gudu, na san halinka."

"Oga, ni da gudu?"

"Kai da gudu. Yalla, kama hanya."

Taswirar a waya take. Ina shiga kwarin sabis ya ɗauke, hanyar awakin ma ta rabu uku. Ina tsaye ina susar ƙeya sai na hango duwatsu uku an ɗora su kan juna. Can gaba wasu ukun. Na ce alhamdulillahi, mutanen da sun riga sun yi mini aikin. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina shafa ja. Na lura dai hanyar tana hawa wuraren da akuya ma sai ta yi tunani, kuma kowane tari a bakin wani tsagin dutse yake. Na ce ƙila haka masu hawan dutse suke so. Kafin azahar na gama aikin kwana biyu, har ina ɗaukar hoto.

Ranar Asabar Madam Huda ta kwashi mutanenta gwajin hanya. Ranar Lahadi Ammi Rashid ya garƙame ƙofa, aka ce kwamiti na nemana.

A majalisar gidansa aka zauna, kan kafet, ana zagayawa da gahawa. Madam Huda ido ɗaya a kumbure kamar an cusa mata ƙwai. Larabcina na kasuwa ne, don haka Injiniya ke fassara mini a kunne. Tsohon ya dube ni ya ce, "Ya waladi, kai yaro, wa ya ce ka sa ja a duwatsuna?"

Na ce ba kowa, na ɗauka alamar hanya ce.

Ashe a duwatsun nan, in mutum ya gano saƙar zuma a tsagi, sai ya ɗora duwatsu uku a wurin. Duk wanda ya gani ya san tana da mai ita, sai ya kauce. Ni da sanyin safiya na bi, ƙudan zuman ba su motsa ba. Su Madam da rana suka bi, wani har ya jingina da tsagin yana ɗaukar hoto, ƙudan suka far musu da harbi.

Daga nan kwamiti ya manta da ni. Wani ya ce a yi shingen waya, wani ya ce waya za ta tare awaki. Madam ta ce a kafa allo a rubuta akwai zuma, tsohon ya ce wato a rubuta wa ɓarawo adireshi. Jami'in yana ta rubutu. Na taɓa Injiniya.

"Oga, an kore ni ne?"

"Ban sani ba."

"To wa ya sani?"

"In ƙofar nan ba ta buɗe ba, kamfani ya sani. Sha gahawarka."

Can tsohon ya juyo. Ya ce a garinku babu zuma? Na ce akwai, kakana yana rataye amya a bishiya. Ya ce da wani zai zana kibiya daga titi har gindin bishiyar fa? Na ce wallahi da gora zai bi shi. Da aka fassara masa sai gemunsa ya ɗan motsa. Ya ce zai buɗe ƙofa, amma hannun da ya shafa shi zai kankare, kuma sabuwar alama sai inda ya buga sanda.

Kwana huɗu ina bin bayan mutumin nan da buroshin ƙarfe da gwangwani. Taku goma ya tsaya ya dubi ƙasa. In na wuce shi ya ce, "Shwaiya, shwaiya, a hankali, wa ke binka?" Ƙafafuna har ƙaiƙayi suke. A rana ta uku muka iso tarin da aka jingina da shi. Ya leƙa tsagin ya daɗe. Saƙar tana nan, amma ƙudan sun yi ƙaura. Ya sauke duwatsun ukun ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye su a ƙasa a hankali, muka wuce. Da ma zagina ya yi.

Da rahoto ya fito, layi ɗaya ne: kwamiti ya ba da shawarar a karkatar da hanya. Ba sunana, ba zancen zuma. Wata na gaba Injiniya ya sa hannu na wuce gwaji. Har yau ban san ko hukunta ni aka yi ko koya mini aiki aka yi ba, kuma ban gane yadda masu shawara kawai suka fi masu takardar izinin aiki ƙarfi ba.

Abin da na sani shi ne, dajin da ka gani kamar ba kowa, kowane dutse da mai shi. Mu muna buɗe wa baƙi hanya ne ta cikin abincin wasu. Don haka in kun ga alamar da ba ku kuka sa ba, ku rufe gwangwani, ku nemo mai makulli, ku bi bayansa. Ko da taku goma yake yi ya tsaya.