Bijimin da Ya Shiga Gora

Sana'ata saye da sayar da wayoyi, sababbi da waɗanda suka sha hannu, a wani ɗan shago kusa da kasuwar Zuru. Kafin waya na yi dillancin dawa, ina bin Dabai da Mahuta a kan babur. Kafin dawa kuwa babu abin da ban ɗora a kai na yi talla ba. Abu ɗaya kasuwa ta koya mini: in ana ciniki kada ka tsaya sauraren daɗin baki, duba ka ga wa zai koma gida da kaya, wa zai koma hannu wofi. Da wannan idon nake kallon komai yanzu, har da tatsuniyar kakata.

Wasan waya ne ya tuno mini da ita. Ɗana Ishaya ya gama makaranta yana zaune babu aiki, sai ya riƙa taya ni zaman shago, kansa kullum a sunkuye kan irin wasan nan da ake yawo cikin dajin ƙarya ana kama dodanni ana tara su cikin 'yan ƙwallaye. Wata rana da la'asar sai ya yi tsalle har ya kusa kifar mini da teburin caja.

"Baba, na kama shi!"

Ya miƙo mini wayar. Wata ƙatuwar halitta ce mai ƙaho, bayanta kamar tsauni, tana juyi a hankali cikin allo.

"Wanga ba irin sauran ba ne," in ji shi. "Shi kaɗai ne a duk wasan. A kan dutse yake kwana, in ya motsa hadari ya taso. Ka san tun yaushe nike binsa?"

"To yaya aka yi ka kama shi?"

"Ai ba a kama shi da ƙarfinsa. Sai ka jigata shi tukuna, ya rage saura numfashi, sannan ka jefa masa ƙwallo. In ya shiga ya zama naka. Duk inda faɗa ya tashi sai ka fiddo shi."

"Faɗansa ko naka?"

Ya bushe da dariya. "Baba ke nan! Wasa ne hwa."

Ban yi dariya ba. Na san wannan dabbar tun kafin a haifi wanda ya zana ta.

Gidanmu yana gindin dutse ne a wajen Dabai. In an gama girbi sanyi ya sauko, da an ci tuwon dare sai a tara karan dawa a tsakar gida a cinna wuta. Mu yara mu binne dankali cikin toka, mu kewaye Kaka, uwar mahaifinmu. 'Yar ƙaramar mace ce, busasshiya kamar kubewar bara, da lofenta a baki ko da babu taba a ciki. Da yarenmu na C'lela take ba mu labari, don Hausarta ba ta wuce ta cinikin gishiri ba, saboda haka abin da zan kawo nan juyawata ce, kuma na san daɗinsa ya zube a hanya. Ba ta farawa sai ta zungura wutar da sanda, tartsatsi ya tashi, ta ce, "To, wuta ta buɗe ido, ku ma ku buɗe kunne." Ni take fara tsokana. "Maigidana, matso nan. Miji ragon banza, ko itace ba ka kawo wa matarka ba, amma ka fi kowa shan ɗumi."

"Na sake ki, tsohuwa," nakan ce, "haƙoranki sun ƙare."

"Ka sake ni wa zai kwashe ka da wannan kan naka kamar tulu?"

Kowa ya yi dariya ban da mutum ɗaya. Babanmu ba ya zama cikinmu. Can jikin rumbu yake ajiye kujerarsa inda hasken wuta bai kai sosai ba, cikin tsohuwar rigar sanyinsa ta soja. Mun taso mun same shi haka, mutum marar magana, mai jan ƙafa ɗaya. In kara ya fashe cikin wuta sai ka ga ya zabura ya miƙe tsaye, ya dudduba, sannan ya koma ya zauna. Mu a lokacin abin dariya muka ɗauke shi. Har ƙanena yakan jefa ɗanyen kara cikin wuta da gangan don mu gani.

Kaka tana da tatsuniyoyi da yawa, amma wadda ta fi maimaitawa ita ce ta Bijimin Dutse. Ta ce a zamanin da duwatsu ke da taushi, akwai wani bijimi a kan tsaunin bayan gidanmu wanda babu irinsa a duniya. Ciyawa na tsira a gadon bayansa, tsuntsaye na sheƙa a kunnensa, ƙahonsa guda ne mai faɗi kamar bakin garma. Ba shi da ubangida. In ruwan farko ya sauka sai ya gangaro ya kafa ƙahon nan a ƙasa, kafin gari ya waye ya tayar wa kowa kunyoyi, da gonar mai 'ya'ya da ta gwauruwa. Ba ya neman komai sai a bar masa harawa a bakin gona.

Sai aka yi shekarar da ruwa ya ƙi. Harawa ta ƙare, ciyawar bayansa ta bushe, haƙarƙarinsa suka fito. A wannan shekarar wani baƙo ya iso garin, mai tsabtar tufafi, rataye da gora mai murfi. Bai zo da baka ba, bai zo da igiya ba. Ya hau dutsen ya zauna kusa da bijimin, ya cire murfin gorar, ƙamshin kanwa da dusa ya bugi hancin dabbar.

A nan Kaka takan sauya murya, ta mai da ita siririya mai zaƙi. "Kai, ƙato kamarka a ce kana tonon ƙasa don ɗan ganyen wake? Shigo ciki. Akwai inuwa, akwai ci safe da yamma, har da abin da za ka aiko wa mutanenka. Kuma duniya za ta san sunanka."

Sai mu haɗa baki, "Kada ka shiga! Kada ka shiga!"

"Ku yi ta ihu," in ji ta. "Ku da kuka ci tuwo. Shi da ƙafarsa ya shiga, ba wanda ya tura shi."

Baƙo ya mai da murfi ya yi tafiyarsa. Daga ran nan ba a buɗe gorar sai wurin faɗa. In an buɗe, bijimi ya fito ya tarar da wata ƙatuwar dabba a gabansa, ita ma yanzu aka zazzage ta daga wata gorar, an ɗauko ta daga wani dutsen ko wani kogin. Bai san ta ba, ba ta taɓa ci masa harawa ba. Su kara har jini ya malala, masu gorunan kuwa suna zaune a inuwa. In an gama su gaisa da juna, kowa ya mai da tasa ciki ya rufe. Haka aka yi ta yawo da shi ƙasa bayan ƙasa, har ranar da ƙahon ya karye. Sai baƙon ya dawo da shi gindin dutsenmu ya juye gorar. Abin da ya faɗo bai fi ɗan akuya ba. Mutane suka kai shi gona, ya tsaya yana kallon ƙasa, ya manta abin da ake yi da ita. In ya ji an cire murfin ko da gorar ruwa ce, sai ya zabura ya sunkuyar da kai yana neman abokin faɗa.

"Sai me, Kaka? Ya warke?"

Sai ta ciro lofen daga bakinta ta ƙwanƙwasa a dutsen murhu. "Sai baƙo ya sauka rafi ya wanke gorarsa tas. Ya dawo cikin gari ya yi sallama, ya ce, jama'a, wai bijimin nan ba shi da ɗa?"

Nan take tsayawa. Sauran tatsuniyoyinta duk suna da ƙarshen da ake tafawa, mugu ya sha kashi, maraya ya yi aure. Wannan kuwa haka take barinta a buɗe, ta ce mu tono dankalinmu kada ya ƙone.

Na fara tasawa kafin na gane. Wani dare tana tsakiyar ba da ita, ta kai wurin da aka juye gorar, sai muka ji murya daga jikin rumbu.

"Inna, ya isa."

Bai ɗaga murya ba. Kaka ta juya ta dube shi ta ce, "Ba da kai nike ba. Kai ka riga ka ji naka. Da waɗannan nike." Ta nuna mu da bakin lofe, ta ci gaba har inda baƙo ya yi tambayarsa. Babanmu ya ɗauki kujerarsa ya shige ɗaki.

Washegari na tambayi mahaifiyata, ita ta faɗa mini wane ne mutumin da muke yi wa dariya. A wurinmu saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato shi da tsararrakinsa su yi shekaru suna nome gonar iyayen yarinya. Ta ce a zamaninsu babanmu ne ke gaba a layi, in ya kafa garma sai na bayansa su yi ta roƙo ya sassauta. Mata kan bar aikinsu su zo kallo. Sai aka yi shekarar da dawa ba ta yi ba, ga ƙanne ga tsofaffi, ya ajiye garma ya tafi aikin soja kamar yadda rabin samarin garinmu suka yi. An kai shi wata ƙasa a bakin teku wadda Kaka ta mutu ba ta iya faɗin sunanta ba. Abin da ya dawo shi ne wanda muka sani.

Tun ranar na ƙudura cewa ni ba zan shiga ba. Tsararrakina suka yi ta gudun safe suna shirin ɗaukar soja, suna ce mini matsoraci, ɗan soja mai tallan goro. Na bar su da bakinsu. Lissafina mai sauƙi ne: yunwa ce ke jigata bijimi kafin a buɗe masa gora, to zan kori yunwa daga gidana. Kuma na kore ta. Ishaya bai taɓa kwana da ciki wofi ba, bai taɓa zuwa makaranta babu takalmi ba.

Ba a daɗe da ranar da ya kama dodonsa ba ya same ni ina rufe shago, ya ce sunansa ya fito, za su tafi horon soja. Ashe gudun da yake fita da asuba ba na ƙwallo ba ne. Na zaunar da shi a kan benci, na ba shi tatsuniyar Kaka daga farko har ƙarshe, ni da ban taɓa ba wani yaro labari ba. Ya saurara da ladabi har na gama.

"Na ji, Baba. Amma bijimin Kaka faɗan wasu aka kai shi. Yanzu faɗan ya zo gida. Su Kawu sun bar gonarsu ta daji, suna raɓe a ɗakin haya nan cikin gari, kai da kanka kake kai masu hatsi. In kowa ya zauna a shago wa zai tsare gonar?"

"Kana jin kai za ka zaɓi inda za a buɗe ka?"

"A'a. Amma zaman nan ma gora ne, Baba. Tun safe har dare ina goge gilashin waya."

Yaron yana da gaskiyarsa, kuma ita ta fi ci mini rai, don da ƙarya ya zo da ita da na san yadda zan warware ta. Na yi shekaru ina tsare ƙofar da yunwa ke shigowa, ashe baƙon ya daina zuba kanwa da dusa, ya sami abin da ya fi su jan hanci.

Na raka shi tasha. Uwarsa ta ƙi zuwa. Da bas ta cika sai ya miƙo mini wayarsa ta taga, don ba a barinsu da ita a wurin horo.

"Baba, na san halinka. Kada ka goge, kada ka sayar. Na sha wuya kafin in kama shi."

Tana cikin aljihun teburina. Wayar kirki ce, an taya ta ya fi sau ɗaya, na ce ba ta sayarwa ba ce. Ina sa mata caji kada ta mutu. Wani lokaci in kasuwa ta yi sanyi nakan buɗe wasan in same shi yana juyi a allo, ƙato mai ƙaho, yana jiran a ce masa fita. Na lalubo har na gano wurin da ake sakin su. Na taɓa, sai wayar ta tambaye ni ko na tabbata, don in na sake shi ba zai dawo ba. Na janye yatsana. Kalmar nan ba na son ganinta kusa da wani abu na Ishaya.

Ina yaro na ɗauka Kaka gargaɗi take yi mana, kuma na yi alfahari cewa cikin jikokinta ni na ji. Yanzu ina ganin ta san abin da ban sani ba, shi ya sa ba ta taɓa rufe labarin ba. Baƙon nan ɗan kasuwa ne kamar ni, na san irinsa, ba ya fushi don an hana shi kaya yau. Ya tambayi ɗa, na ɓuya a bayan tebur ina murna na tsira. Shi kuwa ya rataya gorarsa a inuwa, ya zauna ya jira jika.