Bencin Ishaya

'Yan'uwana masu aiki da matasa, daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu ya ƙi sakina. Da safe na ba matata labari, ta ce wake na cika wa cikina, shi ya sa na kawo muku ko a cikinku akwai mai gani fiye da ita.

Bari in ɗan yi muku shimfiɗa, in ba haka ba ba za ku gane ba. A zumuntarmu ta matasan coci akwai wani saurayi mai suna Ishaya, ɗan acaɓa ne, shi ne kuma mai buga mana ganga. A wani biki ya sha ya bugu, ya yi dambe a harabar coci har aka karya kujeru. Dattawa suka sa shi ƙarƙashin horo na wata uku: zama a bencin baya, ba ganga, ba jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a sujada. Ban ce an zalunce shi ba, shi ma bai taɓa cewa haka ba. Amma yau wata bakwai ke nan.

A tsarin ikilisiyarmu, kafin a maido da mutum sai shugaban zumuntarsa ya tsaya gaban dattawa ya shaida cewa ya ga tuba. Shugaban nan kuwa ni ne. Sau huɗu ina zuwa taronsu, sau huɗu ana jefa ni cikin "sauran batutuwa", can ƙasan takarda. A yi maganar kwanon rufi, a yi ta launin ankon zumuntar mata, a yi gardamar wa zai riƙe makullin janareta. Da an iso kaina sai Baba Audu, shugaban dattawa, ya dubi agogo ya ce lokaci ya tafi, wani ya rufe mana da addu'a. Shekarata talatin da shida, 'ya'yana uku, amma a ɗakin nan sunana "yaron nan na matasa".

Ranar Lahadin da ta wuce Ishaya ya same ni ina tattara kujeru bayan sujada.

"Shugaba, ko sau ɗaya na yi fashi?"

Na ce a'a.

"To, Lahadi mai zuwa in ba a kira sunana ba, kada ka neme ni. Ba fushi nake yi ba, gajiya na yi."

Gobe Asabar dattawa za su zauna. Sakatare ya riga ya gaya mini batu ɗaya kawai za a ba ni, ni kuwa biyu gare ni. Akwai Ishaya, akwai kuma izinin sansanin matasa da muka yi wata biyar muna shiryawa, wanda in ba a amince da shi gobe ba ya rushe sai baɗi. Da wannan na kwanta.

A mafarkin, safiyar Lahadi ce, rana ta fito sosai, ni kaɗai nake jera fararen kujerun roba. Duk layin da na gama sai cocin ya ƙara tsawo, in koma in ɗauko wasu. Matasana suna zaune a kan waɗanda na jera, kowa ya duƙufa a kan wayarsa. Suna cewa "Sannu Shugaba" ba tare da sun ɗago kai ba. Wata ta tambaye ni ko akwai shinkafa bayan taro. Ko a mafarki, ku ji fa, ba wanda ya kama mini kujera ɗaya.

Can nesa na hango bencin baya, ƙarami ƙwarai saboda nisa. Ishaya na zaune da farar rigarsa, sandunan ganga a kan cinyarsa. Na ajiye kujerar hannuna na nufe shi.

Sai kawai hanyar tsakiyar cocin ta koma gonar masara. Ina ture ganye yana yankar mini hannu. Matan zumunta suna tsaye a tsakanin kunyoyin gonar da ankonsu, suna waƙa suna buga tulu, amma ba na jin kalmomin. Mahaifiyar Ishaya, Mama Ladi, tana cikinsu, ita kaɗai ba ta waƙa. Da na zo wucewa ta riƙe mini hannun riga.

"Ɗana, ka gaya musu?"

Na zame hannuna na ci gaba da tafiya, kunya kamar ta kashe ni.

Sai kawai na tsinci kaina a tsakiyar rafi, ruwa iya gwiwata. An kafa teburin dattawa a kan wani tudun yashi, su ƙafafunsu a bushe. Sakatare na karanta batutuwa daga wata takarda doguwa wadda jelarta ke jan ruwa. Batu na ashirin da wani abu shi ne ko za a yi wa ƙararrawar coci fenti. Suka yi ta muhawara a kai, wannan ya ce kore, wancan ya ce tun zamanin kakanni ba a taɓa yi mata fenti ba. Duk lokacin da na ɗaga hannu sai in ga kujerar roba ce a hannun nawa, sai su zaci kawo musu na yi, wani ya karɓa ya ɗora ƙafa. Raina ya yi ta tafasa, ruwan kuma yana hawa, har ya kai ƙuguna.

Baba Audu ya dubi agogonsa, wanda a mafarkin ya kai faɗin faifai, ya ce, "Yaron nan na matasa, minti ɗaya."

Takardu biyu ne a aljihuna, na san wacce ce wacce. Na ciro ta Ishaya, na riƙe ta da hannu biyu, ina ganin sunansa ɓaro-ɓaro. Na buɗe baki. Sai na ji muryata, tawa ta kaina, cikin ladabi har da ɗan rusunawa, tana cewa, "Baba, batun sansanin matasa ne."

Suka tafa. Baba Audu ya ce an amince, ya ce yaron nan akwai hankali. Ban taɓa jin ya yabe ni ba a farke, kuma gaskiya zan faɗa muku, na ji daɗi. Kafin daɗin ya sauka na tuna, na ce, "Baba, akwai saura!" Amma wani ya riga ya ce mu yi addu'a. Kun san mu, ba a katse addu'a. Ina riƙe da sunan mutum a hannuna, ruwa ya kai ƙirjina, na sunkuyar da kai na rufe ido kamar kowa. Da aka gama har da ni a cewa amin.

Sai kawai ga ni a coci kuma, cike maƙil, lokacin sanarwa. Na hau bagade da jiƙaƙƙen wando, na fizge makirfo daga hannun sakatare na kira, "Ishaya!" Abin da ya fito daga lasifika shi ne, "Matasa su tsaya bayan sujada su tattara kujeru." Na sake kira da ƙarfi, abin da ya sake fitowa ke nan. Na yar da makirfon na ruga baya.

Wannan karon bencin bai yi nisa ba, taku kaɗan na isa. Ba kowa a kai. Sandunan gangar suna ajiye a jere, katakon ya ɗan lotsa a wurin da yake zama, na taɓa na ji da ɗumi. A waje na ji an tayar da babur, ƙararsa tana ta yin nisa. Mama Ladi na tsaye a bakin ƙofa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Nuna mini bencin kawai ta yi ta ce, "Zauna, ɗana."

Na zauna. Daga nan ba a ganin komai sai ƙeyar mutane. Wata bakwai ina wuce wurin nan da kujeru a kaina ban taɓa sanin haka ba. Can gaba sakatare ya ɗauki makirfo ya karanta sunana cikakke, ya ce an sa ni ƙarƙashin horo. Bai faɗi laifin ba, bai faɗi wata nawa ba. Na jira ko mutum ɗaya zai waiwayo, ba wanda ya waiwayo, suka ɗauki waƙa.

A nan na farka, gari ya waye, haushi ya cika ni. Haushin dattawa na fara ji, na yi ta shirya maganganun da zan gaya musu waɗanda na san ba zan iya faɗa ba. Daga baya na je kan tebur na ɗauki takardar da na rubuta tun ranar Laraba don taron gobe. Ba wanda ya tsara mini ita, rubutun hannuna ne. Na ɗaya, sansani. Na biyu, Ishaya.

Na san abin da za ku ce, in juya lambobin. In na juya, matasa kusan arba'in da suka yi ta atisayen waƙa da wasan kwaikwayo ni za su kalla, wasunsu ma sansanin nan ne kaɗai ya riƙe su a zumunta. In ban juya ba, jibi war haka bencin nan ba kowa a kai.

To ku gaya mini, don Allah, ku da kuka daɗe a wannan aiki. Mafarkin nan gargaɗi ne a kan abin da zan yi gobe, ko kuwa nuna mini aka yi abin da na riga na yi sau huɗu? Kuma tsakanina da Ishaya, wa ya kamata tun farko ya zauna a bencin nan?